Ba Kowace Tsatsa Ce Shaidar Jabu Ba

Da zarar ruwan Agusta ya kankama a Funtua da Malumfashi, sai ƙorafi ya tashi a kan masu walda. Ƙofar silba da aka saya da kuɗin masara ta fara fitar da jan tabo, mai gida ya rantse an sayar masa da jabu. Akwai jabu a kasuwa, amma sau da yawa ƙarfen lafiyarsa lau, a wurin guga aka ɓata shi.

Ƙarfen silban nan, wato ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Sinadarin kan haɗu da iska ya yi wata 'yar fata da ido ba ya gani, ita ce ke hana tsatsa. To idan yaron shago ya ɗauki samfefa ko buroshin wayar da ya kankare baƙin ƙarfe da shi ya goga wa silba, ya dasa mata ɓurɓushin baƙin ƙarfe ke nan. Ɓurɓushin ne ke tsatsa in ya sha ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke auna nagartar aiki da ƙyalli. Ƙyallin madubi na nuna kowane shatin yatsa, ƙurar hunturu ma in an share ta da busasshen tsumma sai ta bar zane. Guga mai taushin sheƙi ta fi dacewa da mu, kuma ko da hannu ana iya yin ta. A fara da samfefa mai lamba 120, a koma 240, a ƙare da 320 ko 400, don ƙaruwar lamba ƙaruwar laushi ce. Ba a barin lamba sai ta share karcen ta baya. A gugar ƙarshe hannu ya bi hanya ɗaya, kamar kunyoyin gona: in sun miƙe gonar ta yi kyan gani, in ɗaya ta gitta daga nesa za a hango ta. Sannan a wanke da ruwa da sabulu, a tsane.

Masu shago, ku ware wa silba samfefarta da buroshinta, ku kuma sayo wa yaranku takunkumi, domin ƙurar ƙarfe huhu take shiga. Kai kuma mai saye, kafin ka biya, tambayi da me aka goge ƙofarka.