Tarihin Mawaƙan Kastrato a Wasan Opera

Opera wasan kwaikwayo ne da ake yin dukan maganganunsa cikin waƙa. An fara shi a ƙasar Italiya wajen shekarar 1600. Kusan shekaru ɗari biyu, manyan taurarin wannan wasa maza ne masu muryar mata, waɗanda ake kira kastrato. Ma'anar kalmar ita ce namijin da aka dandaƙe tun yana yaro.

Asalin al'adar daga coci ne. A wancan zamani an hana mata yin waƙa a cikin coci, ga shi kuma ana bukatar siririyar murya. Yara maza kan iya yin ta, amma da zarar sun balaga sai muryarsu ta buɗe. Saboda haka aka shiga dandaƙe yara masu zaƙin murya kafin su balaga. A shekarar 1589 Fafaroma Sixtus na biyar ya sake tsarin mawaƙan cocin Bitrus da ke Rum, ya ba kastrato gurbi a ciki.

Dandaƙa kan hana maƙogwaron yaro girma, sai muryarsa ta zauna yadda take. Amma ƙasusuwansa sukan ci gaba da tsawo, ƙirjinsa ya yi faɗi. Ta haka sai a sami muryar yaro tare da numfashin babban mutum. Idan aka haɗa da horon shekaru a makarantun waƙa, musamman na birnin Napoli, mawaƙin kan iya jan sauti ɗaya na dogon lokaci ba tare da ya sake numfashi ba.

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Carlo Broschi, da aka fi sani da Farinelli. An haife shi a 1705, ya yi waƙa a Landan daga 1734, sannan a 1737 ya koma fadar Sarki Filibus na biyar na Sifen. Wani kuma shi ne Senesino, wanda ya fito a matsayin jarumi a wasan Giulio Cesare na Handel a 1724.

Sai dai wannan ɗaukaka ta 'yan kaɗan ce. Yawancin yaran 'ya'yan talakawa ne, iyayensu na fatan su yi arziki. Dokar coci ta haramta aikin, don haka a ɓoye ake yin sa, a ce yaron ya faɗo daga doki ne ko alade ya cije shi. Wasu sun mutu a wajen aikin. Da yawa kuma ba su yi suna ba, ga shi sun rasa haihuwa har abada.

Daga ƙarshen ƙarni na 18 mutane suka fara ƙyamar al'adar. Babban wasa na ƙarshe da aka shirya wa kastrato shi ne wanda Meyerbeer ya rubuta wa Velluti a 1824. A 1903 Fafaroma Pius na goma ya ba da umurni cewa yara maza ne za su riƙa yin siririyar murya a coci. Alessandro Moreschi, wanda ya rasu a 1922, shi kaɗai ne kastraton da aka ɗauki waƙoƙinsa shi ɗaya a faifai, a 1902 da 1904. A yau mata ne, ko maza da suka koyi siranta murya ta hanyar horo, suke rera waƙoƙin da aka rubuta wa kastrato.