Yadda ɗigon ruwa ke murɗa saƙon tauraron ɗan Adam

Duk mai farantin setalayit a gida ya san halin damina: hadari na haɗowa, hoto ya fara kakkaryewa, can sai ya tsaya cik. Abin da aka saba faɗa shi ne ruwa ya tare sigina. Haka ne, amma da sauran magana, domin ruwan sama ba rage wa saƙo ƙarfi kaɗai yake yi ba, har murɗa shi yake yi.

Tauraron da ke can sama, nisan kilomita kusan 36,000, yana aiko da igiyar rediyo iri biyu a zango guda, ɗaya tana kaɗawa a tsaye, ɗaya a kwance, don a ninka yawan tashoshi. Su ne V da H ɗin nan na cikin dikoda, wadda ke tura bolt 13 ko 18 zuwa ƙoƙon LNB da ke gaban faranti don ya zaɓi wadda zai kama. Dabarar na tafiya daidai muddin kowace igiya ta tsaya a matsayinta. To, shi babban ɗigon ruwa ba dunƙulalle ba ne kamar dutsen ado. In yana faɗowa iska na tokare shi daga ƙasa, sai ya baje kamar masa, faɗinsa ya fi tsayinsa. Don haka igiyar kwance ta fi ta tsaye ratsa ruwa, ta fi ta raunana, ta kuma ɗan makara. Ga iskar hadari tana karkata ɗigon, sai wani ɓangare na saƙon tsaye ya zube cikin na kwance, tasha ta zama hayaniya a kunnen 'yar'uwarta. Ƙananan ƙanƙarar da ke ƙololuwar gajimare ma suna yin wannan ɓarna, ko da ruwa bai sauka ba.

Wani injiniya zai ce a zangon Ku, wato gigahaz 11 zuwa 12 da yawancin gidaje ke kamawa, raunin sigina ne ke fara kashe hoto, murɗawar bayansa take bi. Ban musa ba. Sai dai maganinsu ba ɗaya ba ne. Babban faranti yana rama ƙarfin da ruwa ya cinye, amma yadda ya ƙara tattaro saƙon da ake so, haka zai ƙara tattaro wanda ya zubo masa daga maƙwabciya.

Wani kuma zai ce ai ruwa na Allah ne, me mutum zai iya? Akwai abin da ke hannunsa. Ƙoƙon LNB yana da kusurwar da ake juya shi ya dace da tauraron, kuma kusurwar Kano daban take da ta Yamai. Mai ɗaura faranti da rani yakan ga hoto garau ya karɓi kuɗinsa, alhali ya bar ƙoƙon a ɗan karkace, igiyoyin biyu sun soma cuɗanya tun sama na wasai. Ruwan Agusta yana zuwa ne ya tarar an riga an yi masa rabin aiki.