Waƙar Mutum, Dukiyar Wani

Ga wata mas'ala ta ciniki daga ƙasar Turawa wadda ta isa a tsaya a duba ta. A shekarar 1987 kamfanin Nike, masu yin takalman guje-guje a Amurka, suka sa wata waƙa mai suna Revolution cikin tallarsu ta talabijin. Waƙar kuwa ta Beatles ce, watau samarin nan huɗu na Liverpool a Ingila, waɗanda suka shahara da kiɗa mai amon jita da ganguna da ake kira rok. Uku daga cikinsu suna da rai a lokacin, kuma ba da yardarsu aka yi ba.

To, ta yaya haka ta yiwu? Ku sani, a dokar Turawa waƙa guda haƙƙi biyu gare ta. Akwai haƙƙin baitoci da karinsu, abin da mawaƙi ya tsara ke nan. Sa'an nan akwai haƙƙin faifan da aka ɗauki muryarsa a ciki. Wanda ke son talla da waƙa yadda kunne ya saba jin ta, tilas ya biya ma'abota haƙƙin nan biyu. In na baitoci kaɗai ya samu, sai dai ya nemo wasu su rera masa.

A lokacin dai faifan yana hannun kamfanin EMI. Labarin baitocin shi ne mai ban tausayi. A 1963 John Lennon da Paul McCartney, masu tsara yawancin waƙoƙin, suka sa hannu aka kafa kamfanin Northern Songs tare da wani ɗan kasuwa, Dick James, babbansu bai wuce shekara 22 ba. Da suka sa hannun nan, duk abin da suka tsara ya zama mallakar kamfani, su kuma suna da rabo. A 1969 James ya sayar wa kamfanin ATV nasa kason bai shawarce su ba. Suka yi ƙoƙarin fansa, abin ya faskara.

Har wa yau ga abin mamaki. McCartney da kansa ya nuna wa Michael Jackson irin ribar da ke cikin mallakar waƙoƙin wasu. Almajiri ya riƙe karatu! A 1985 Jackson ya sayi dukan waƙoƙin ATV a kan dala miliyan 47 da rabi, da na malaminsa a ciki. Saboda haka da Nike suka tashi, EMI da ɓangaren Jackson suka biya, matar marigayi Lennon kuma, Yoko Ono, ta yarda.

Kamfanin Beatles, Apple, ya kai ƙara yana neman dala miliyan 15. Amma ku lura, a kan faifai aka yi ƙarar, don a kan baitoci ba su da ta cewa. A ganina nan ciwon yake: mutum ya tsara waƙa kan sha'anin juyin mulki, a mai da ita kirarin takalmi, abokansa ba su da hujjar hanawa sai ta gefe. Nike suka daina tallar a 1988, aka yi sulhu a 1989.

Dukiyar kuwa ba ta zauna ba. A 1995 Jackson ya haɗa ta da ta kamfanin Sony, ya rasu a 2009, a 2016 magadansa suka sayar wa Sony rabinsu a kan dala miliyan 750. Dokar Amurka ta 1976 ta ba mai tsohuwar waƙa damar karɓo haƙƙinsa na ƙasar bayan shekara 56. Da ita McCartney ya kai Sony ƙara a farkon 2017, yana da shekara 74, suka sasanta a shekarar ba tare da an bayyana sharuɗɗan ba.