Yadda Za Ka Yi Ƙaura Da Kajinka Ba Tare Da Asara Ba

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi na ƙasar Ɗambatta. Ya ce gonar gado ta yi musu kaɗan shi da 'yan'uwansa, don haka zai tashi da iyalinsa zuwa wajen Saminaka. Damuwarsa ita ce kajin maiɗakinsa, waɗanda da su take yin biki da suna da sayen magani. Yana tambaya yaya zai kai su da rai.

To malam, abu biyu ke kashe kaji a irin wannan tafiya: zafi a hanya, da cuta bayan an sauka.

Da farko ka rage su. Tsofaffin kaji, da rarar zakaru, da duk wadda ta yi sanyi, ka kai su kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi. Kuɗin ya fi sauƙin ɗauka. Kaza mai kwanci kuwa a bar wa dangi, domin girgizar mota takan lalata ƙwai.

Na biyu, rigakafi. Ka san annobar nan da ke share kajin gari da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana haɗa wani iri da ake ɗiga wa kaza a ido. Ka tuntuɓi malamin dabbobi ko malamin gona na KNARDA, a yi musu saura mako biyu ku tashi, domin sai ya ɗan kwana biyu kafin ya kama jiki.

Ranar tafiya, ka kama su da dare suna kan barci. Kada ka ɗaure ƙafafu ka rataye su kai a ƙasa kamar masu zuwa kasuwar kusa. Ka sa su a kwando ko keji mai shan iska, ka shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa. Kowace ta samu wurin kwanciya ba tare da ta hau 'yar'uwarta ba. Zakara biyu kada su haɗu a kwando ɗaya. 'Yan tsaki a sa su daban cikin kwali mai huji, don kada manya su tattake su.

Ka sani kaza ba ta yin gumi, kuma zafin jikinta ya kai awo 41, ya fi na mutum. Idan ta ji zafi, sai dai ta buɗe baki tana haki. Saboda haka ku tashi da asuba. Kada ka yarda direba ya cusa kwandon a but, ko ƙarƙashin buhuna, ko kusa da salansa, kuma kada a rufe shi da leda. Ka daina ba su hatsi tun daren, amma su sha ruwa su ƙoshi. Ka yanka kankana ka jefa musu, za ta kashe musu ƙishi ba tare da ta jiƙa kwando ba. In an tsaya a hanya, a nemi inuwa.

Da kun sauka, ruwa tukuna, sannan tsaba ko dusa. Kada ka sake su. Ka tsare su a akurki ko wani ɗaki har mako biyu. A nan za su san sabon gida, ba za su ɓace ba, kuma idan akwai mai ɗauke da cuta za ta bayyana kafin ta shiga kajin maƙwabta. Ka tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, ta bazu har Kano. Yawo da kaji daga wuri zuwa wuri na cikin abin da ke yaɗa ta. Kai baƙo ne, kada zamanka ya fara da mutuwar kajin mutane. In ka ga suna mutuwa bi da bi, kada ka sayar, kada a ci, ka sanar da malamin dabbobi.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa a koma a sa'a. Sai kuma mako mai zuwa.