Alƙali na huɗu: sake kallon tsofaffin wasannin damben boksin da ba da maki

Wanda ya saba da damben gargajiya bai cika jin ana gardama kan wanda ya yi nasara ba. In an shiga fili, ko dai a yi kisa kowa yana gani, ko kuma a yi ta turmi babu kisa har a raba su. Damben boksin ya ɗauki wata hanya dabam. Idan lokaci ya ƙare 'yan damben biyu suna tsaye da ƙafafunsu, sai a koma ga takardun alƙalai uku da ke zaune a gefen dandamali, kuma abin da suka rubuta shi ne hukunci. Daga nan ne rigima take tasowa, wata ma ta shekara arba'in ba ta mutu ba. Wannan ya sa ake da masoya dambe a ko'ina cikin duniya waɗanda ke ɗauko faifan tsohon wasa, su zauna da takarda da biro, su ba da maki turmi bayan turmi kamar su ne alƙalan. Wasu na ganin wannan aikin rashin aikin yi ne, tun da an riga an ɗaga hannun wanda aka ɗaga. Ni kuwa ina ganin yana da amfani na gaske, domin ta wannan hanyar ce mai kallo zai iya bambanta wasan da aka yi wa ɗan dambe ƙwace da wasan da ya yi kusa har adalai biyu za su iya saɓawa a kansa. Mutane suna yawan cakuɗa waɗannan abubuwa biyu, kuma cakuɗawar tana zubar da mutuncin 'yan dambe da na alƙalai ba bisa haƙƙi ba.

Tsarin da ake bi yau a damben ƙwararru mai sauƙin faɗi ne. A damben maza kowane turmi minti uku ne, kuma kowanne shari'a ce mai zaman kanta. Wanda ya ci turmin dole a ba shi maki 10, ɗayan kuma yawanci 9. In an kai mutum ƙasa, turmin kan zama 10 da 8. Alƙali yana miƙa takardarsa da zarar an kaɗa ƙararrawa, ba shi da damar komawa ya gyara. Abin da ake so ya duba shi ne naushin da ya sauka sosai a inda doka ta yarda, da kai farmakin da ke haifar da sakamako, da wanda ke juya wasan yadda yake so, da iya kare kai. Matsalar tana nan: dokar ba ta auna wa alƙali nauyin kowanne ba. Ba ta ce naushi ɗaya mai girgiza mutum daidai yake da ƙananan naushi nawa ba. Haka kuma wanda ya ci turmi da ƙyar da wanda ya ci shi da rinjaye bayyananne, muddin ba a kai kowa ƙasa ba, galibi 10 da 9 ɗin nan duka za su samu. Saboda haka mutum zai iya jibgar abokin karawarsa a turmi biyar, ya rasa bakwai da ɗan ƙaramin rata, ya sha kaye a takarda, alhali duk wanda ya kalli fuskokinsu zai rantse shi ya ci.

Babu wasan da ya fi nuna wannan kamar karawar Marvin Hagler da Sugar Ray Leonard a Caesars Palace da ke Las Vegas a Amurka, ranar 6 ga Afrilun 1987. Hagler yana riƙe da kambun ajin matsakaita nauyi tun 1980, lokacin da ya ƙwace shi daga hannun Alan Minter a Landan, ya kare shi sau 12, kuma rabon da a doke shi tun 1976. Leonard kuwa ya ajiye dambe a 1982 bayan an yi masa aiki a ido, ya dawo ya yi wasa ɗaya tak a 1984, ya sake ajiyewa. Tun a wurin ƙulla yarjejeniya Leonard ya fara damben: ya samu aka yarda da turmi 12 maimakon 15, da dandamali mai faɗi, da safar hannu mai ɗan nauyi. Da aka fara, Hagler, wanda aka sani da tsayuwar bahago, sai ya fito da tsayuwar badame a turmi biyun farko, kuma alƙalan uku duka suka ba Leonard waɗannan biyun. Daga turmi na uku ya koma tsayuwar da ya saba, ya riƙa bin Leonard yana matsa masa, yana kai naushi jiki. A ƙarshen turmi na biyar ya girgiza shi da naushin da ya taso daga ƙasa. A na tara ya tura shi jikin igiya, suka yi musayar da har yau ake maimaita kallonta. Leonard kuma yana zagaye, yana riƙe shi in ya matso, sannan in turmi ya kusa ƙarewa sai ya saki ruwan naushi cikin sauri, jama'a su ɗauki sowa. Da aka karanta takardu, Lou Filippo ya ba Hagler 115 da 113, Dave Moretti ya ba Leonard 115 da 113, Jo Jo Guerra kuma ya ba Leonard 118 da 110. Hagler bai sake shiga dandamali ba. Ya koma Italiya da zama, ya shiga harkar fim, kuma har ya rasu a 2021 bai taɓa yarda cewa an doke shi a daren nan ba.

To, me mai takarda da biro zai gano in ya zauna da wannan faifan? Abu na farko lissafi ne. A wasa mai turmi 12 da ba a kai kowa ƙasa ba, 115 da 113 na nufin turmi bakwai da biyar. Ke nan da Moretti ya juya turmi ɗaya kawai, takardarsa za ta zama 114 da 114, wasan ya tashi canjaras, Hagler ya koma gida da kambunsa. Abu na biyu, in ya ware turmin da babu tantama a kansu, zai tarar da wasu kaɗan a tsakiya waɗanda hukuncinsu ya rataya ga tambaya guda: shin saurin hannun Leonard na daƙiƙa talatin na ƙarshe ya fi matsin da Hagler ya yi na minti biyu da rabi? Da yawa daga cikin naushin Leonard a kafaɗa da safar hannu suke sauka, amma wasu suna shiga, kuma Hagler ma yana dukan iska fiye da yadda masoyansa suke tunawa. Mai adalci zai iya fitowa da bakwai da biyar ta kowane ɓangare ba tare da ya ci amanar idonsa ba. Abin da ke da wuyar karewa shi ne takardar Guerra, wadda ta ce Hagler turmi biyu kacal ya ci cikin 12. A nan amfanin aikin yake fitowa fili. Wanda bai ba da maki ba zai ce ko dai an yi wa Hagler fashi, ko kuma Leonard ya koya masa darasi. Wanda ya bi turmi ɗaya bayan ɗaya zai ce wasan ya yi kusa, hukuncin yana da madafa, amma ɗaya daga cikin takardun uku ta kauce. Wannan magana ta fi dacewa da abin da ya faru, kuma ta fi yi wa mutanen biyu adalci.

A kwatanta wannan da karawar Lennox Lewis da Evander Holyfield a Madison Square Garden da ke New York a watan Maris na 1999. An ce canjaras: Stanley Christodoulou ya ba Lewis 116 da 113, Larry O'Connell ya ce 115 da 115, Eugenia Williams ta ba Holyfield 115 da 113. Ko mai kallo ya ba Holyfield duk turmin da ake iya shakka a kansa, da wuya ya kai shi ga nasara. Turmi na biyar, wanda Lewis ya mamaye sarai, Williams ta ba Holyfield, kuma daga baya ita kanta ta ce an tare mata gani a lokacin. Wasanni biyu ke nan da aka yi ta kururuwa a kansu da kalma iri ɗaya, wato fashi, amma takardar mai sake kallo tana nuna ba ciwo ɗaya ba ne.

Akwai masu cewa mai kallon faifai ba shi da hurumin yi wa alƙali gyara, domin ba abu ɗaya suka gani ba. Wannan magana tana da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Alƙali yana zaune dab da igiya, yana jin ƙarar naushin da ya shiga ciki, yana ganin yadda numfashin mutum ya canza, abin da kyamara ba ta cika kawowa ba. Mai kallo a gida kuma ya riga ya san sakamakon, yana da gwaninsa, ga mai sharhi yana zuba masa ra'ayi a kunne. Sai dai hujjar tana da kaifi biyu. Alƙali daga gefe ɗaya yake kallo, kuma in ɗan dambe ya juya masa baya ko alƙalin wasa ya gifta, naushin ya wuce shi har abada. Sowar 'yan kallo ma tana shiga kunnensa fiye da na kowa, abin da Leonard ya sani sarai lokacin da yake tara ƙarfinsa don ƙarshen turmi. Kowane wurin zama yana da abin da yake ɓoyewa. Maganin da masu yin wannan aiki da gaske suke bi shi ne su kashe sauti, su rubuta makin turmi kafin na gaba ya fara, kada su koma su goge, kuma kada su rage gudun hoton sai bayan sun gama ba da maki. Wanda ya tsayar da faifai sau goma a turmi ɗaya yana ƙirga naushi ya yi bincike mai kyau, amma ba zai iya ɗora wa alƙali laifin rashin ganin abin da shi kansa sai da ya maimaita ya gani ba.

Wasu kuma suna cewa a bar ido, a koma ga alƙaluma. Tun tsakiyar shekarun 1980 kamfanin CompuBox yake ƙirga naushi a manyan wasanni, kuma a daren Hagler da Leonard ya ƙirga wa Leonard 306 da suka sauka cikin 629, Hagler kuma 291 cikin 792. A wasan Lewis da Holyfield kuwa 348 ne da 130. Alƙaluman suna da amfani, kuma sun goyi bayan abin da na faɗa, cewa ɗaya wasan ya yi kusa ɗayan bai yi ba. Amma mutane ne ke danna maɓallan ƙirgan suna kallo da ido, kuma jimillar wasa gaba ɗaya ba ta faɗin wanda ya ci kowane turmi, ballantana nauyin naushin. An ma gwada mai da ƙirga ya zama alƙali. Bayan abin kunyar da ya faru a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, inda aka ba Park Si-hun na Koriya ta Kudu nasara a kan Roy Jones Jr da ƙuri'a uku da biyu duk da Jones ya fi shi nesa ba kusa ba, an kawo tsarin danna maɓallin kwamfuta a gasar Barcelona ta 1992. Sakamakonsa shi ne 'yan dambe suka koma taɓa-ka-gudu, naushin jiki ya rage daraja domin ba a cika danna masa maɓalli ba, kuma gardama ba ta ƙare ba. Daga baya aka yi watsi da shi, gasar Rio ta 2016 ta koma tsarin maki 10.

Hujja ta ƙarshe ta masu suka ita ce takardar mai kallo ba ta canza komai. A littafin tarihi haka ne. A 2012 an ba Timothy Bradley nasara a kan Manny Pacquiao, ƙungiyar dambe ta WBO ta sa alƙalai biyar suka sake kallon faifan, dukansu suka ba Pacquiao, amma hukuncin ya zauna yadda yake. In takardun ƙwararru biyar ba su soke hukunci ba, ta mai kallo ba za ta soke ba. Sai dai darajar ɗan dambe ba a littafin sakamako kaɗai take ba. Abin da ya sa ba a ɗaukar wancan kayen a matsayin tabo ga Pacquiao, ko canjaras ɗin 1999 a matsayin gazawar Lewis, shi ne dubban mutane sun kalla sun auna sun yi ittifaƙi. Wannan shaidar jama'a tana da nauyi ne gwargwadon yadda aka yi ta da tsanaki, shi ya sa nake damuwa da masu ihun fashi a kowane wasan da gwaninsu ya rasa. Suna rage wa kalmar ƙarfi har ranar da za a yi ƙwacen gaske a rasa mai saurare.

Sharaɗi ɗaya ya rage ga wanda zai koma wasannin da suka fi waɗannan tsufa, wato ya san dokar da aka yi wasan a ƙarƙashinta. A New York ta shekarun 1970 turmi ake ƙirgawa, ba maki 10 ba, kuma alƙalin wasa da ke cikin dandamali yana cikin masu ba da hukunci. Da Joe Frazier ya doke Muhammad Ali a Maris na 1971, takardun sun nuna 8 da 6, 9 da 6, da 11 da 4, kuma faɗuwar da Ali ya yi a turmi na 15 ba ta zama 10 da 8 ba, domin babu wannan lissafin. A karo na uku tsakanin Ali da Ken Norton a filin Yankee a Satumbar 1976, alƙalai biyu sun ba Ali 8 da 7, alƙalin wasa Arthur Mercante ya ba shi 8 da 6. A takardu biyun farko mutanen suna kunnen doki ne kafin turmi na ƙarshe, turmin da Norton ya yi taka-tsantsan a yawancinsa saboda masu horar da shi sun ɗauka yana gaba, Ali kuma ya yi ta jefa hannu. Duk wanda yake ganin an zalunci Norton, kuma masu wannan ra'ayi suna da yawa, sai ya nuna a cikin turmi 14 na farko waɗanne ne aka ba Ali bisa kuskure, ya faɗi dalilinsa a kan kowanne.