Yini Ɗaya A Birnin Faris: Abin Da Ya Kamata Baƙo Ya Gani

Ku sani, ya ku malamai da fatake, Faris ita ce babban birnin ƙasar Faransa, kogin Sen ya ratsa ta ya raba ta biyu. Mutanenmu da yawa sukan bi ta can don fatauci ko neman magani, su ƙare kwanakinsu tsakanin masauki da kanti, alhali kuwa akwai abin lura a garin, har da dukiyar kakanninmu. To, ga yadda mai yini ɗaya tak zai raba yininsa.

Ya yi sammako ya shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira metro, aka buɗe shi a 1900. Ya fara da hasumiyar Ifel. An soma gina ta a 1887, aka gama a 1889, ƙarfe ce zalla, tsawonta yanzu mita 330. Wanda ya hau ya duba ƙasa, sai ya ga mutane kamar tururuwa.

Daga nan ya bi bakin kogi ya nufi gabas, zuwa filin Konkod. A tsakiyarsa akwai wani dogon dutse sassaƙaƙƙe, mai rubutun Fir'aunoni, ya fi shekara 3,000. Daga Luksor ta ƙasar Masar aka ɗauko shi, kyautar Muhammadu Ali Basha, aka kafa shi nan a 1836. Mai hankali ya tsaya ya tambayi kansa, ina sarkin da ya sa aka sassaƙa shi?

Gaba kaɗan sai gidan tarihi na Lufur. Dā fadar sarakunansu ce, aka mai da ita gidan kallo a 1793, bayan talakawa sun tumɓuke sarauta. Ba ya ganuwa duka a yini guda, saboda haka baƙo ya zaɓi abu biyu. Na ɗaya, baƙin dutsen Hammurabi sarkin Babila, wanda aka zana wa dokoki 282, ciki har da na bashi da ajiya da ijara. Na biyu, sashen kayan ƙasashen Musulmi da aka buɗe a 2012. Amma a kiyaye, ran Talata gidan a rufe yake.

Arewa da shi kaɗan, a titin Rishiliyo, akwai ɗakin littattafai na ƙasa, nan kuwa maganar ta shafe mu. Alhaji Umaru Futi ya zauna Sakkwato shekaru wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har Bello ya aurar masa da 'yarsa. Ɗan Alhaji Umaru, watau Ahmadu, shi ya riƙe Segu. A 1890 wani hafsan Faransa mai suna Arshinar ya ci garin da yaƙi, ya kwashe littattafan gidan, aka kai su Faris, mujalladi fiye da 500. A cikinsu akwai talifin Shehu Usmanu, da na Abdullahi na Gwandu, da na Bello, rubutun hannu. Shi Ahmadu daga baya ya yi hijira zuwa ƙasar Sakkwato, can ya rasu, littattafansa kuwa har yau suna hannun waɗanda suka kore shi. Mai wucewa ba ya samun taɓa su, sai wanda ya nemi izinin bincike, amma an ɗauki hoton da yawa daga ciki an sa a intanet, mai so ya karanta daga gida. A 2019 Faransa ta miƙa wa Sanagal takobin da ake dangantawa ga Alhaji Umaru. In an mai da takobi, ashe bai kamata malamai su yi maganar littattafai ba? Gama takobi na kallo ne, littafi kuwa na karatu.

In rana ta yi tsaka, ya haye kogi. Zai wuce majami'ar Notir Dam a kan tsibiri, wadda gobara ta ci rufinta a 2019, aka gyara aka sake buɗewa a Disamba 2024. Sa'an nan ya isa babban masallacin Faris. An buɗe shi a 1926, don tunawa da dubban sojan Musulmi da suka mutu a ƙarƙashin tutar Faransa cikin Yaƙin Duniya na Farko. Gininsa irin na Magrib ne, hasumiyarsa mita 33. Baƙo ya tambayi lokutan salla a nan, kada ya auna da na gida, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe biyar.

Da yamma ɗan kasuwa ya nufi arewacin gari, unguwar Shato Ruj, inda mutanen Afirka ta Yamma suke kasa atamfa da shadda, da kuɓewa da busasshen kifi. Kuɗinsu Yuro ne tun 2002. A manyan kantuna ba a tayi, abin da aka rubuta shi ake biya. Ya kuma riƙe aljihunsa da fasfonsa da kyau cikin jirgi da wurin cunkoso, gama 'yan sane sun san baƙo daga nesa.

Wanda ya je ya komo da haja kaɗai, haja za ta ƙare. Wanda ya komo da sunan littafi ɗaya na magabata, ya nemo hotonsa ya karantar da almajirai, shi ya ci ribar tafiya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. Wassalamu.