Wasa a Matsayin Dabarar Koyar da Nahawun Ingilishi ga Ɗaliban Japan

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2011 ne Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar Japan ta wajabta darussan sabawa da harshen waje a aji biyar da na shida na firamare. Daga 2020 kuma aka mayar da Ingilishi cikakken darasi mai maki a waɗannan azuzuwa, aka sauko da darussan sabawar zuwa aji uku da na huɗu. Tun 1987 ma shirin nan na JET yake ɗaukar matasa daga ƙasashen waje domin su taimaka wa malaman ƙasar a cikin aji. Waɗannan sauye-sauye sun ba wasanni gurbi babba a ƙasar da ta daɗe tana koyar da baƙon harshe ta hanyar *yakudoku*, wato a fassara jimla kalma bayan kalma, sannan a sake jera kalmomin bisa tsarin Japananci.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wasa ba ya koyar da nahawu sai idan an tsara shi ta yadda ɗalibi ba zai yi nasara ba face ya lura da ƙa'idar da ake so ya koya.

2.0 Inda Harsunan Biyu Suka Saɓa

A Japananci aikatau ne ke zuwa a ƙarshen jimla, kuma wasu 'yan harufa da ke bin suna su ne ke fayyace aikinsa. Dubi waɗannan misalai:

(1) Neko ga sakana o tabeta.
(2) Sakana o neko ga tabeta.

Ma'anar jimlolin biyu ita ce kyanwa ta ci kifi, domin *ga* na nuna aikau, *o* kuma na nuna karɓau, duk inda aka ajiye su. A Ingilishi kuwa, kamar a Hausa, muhallin kalma ne ke ɗauke da wannan nauyi:

(3) The cat ate the fish.
(4) The fish ate the cat.

Wato ke nan yaron da ya tashi da (1) da (2) bai saba dogara da jerin kalmomi kaɗai wajen gane wanda ya yi aiki ba. Bayan wannan, Japananci ba ya tilasta bambanta tilo da jam'i: *hon* na iya zama littafi ko littattafai. Ba shi da takwarorin *a* da *the*, alhali Bahaushe ko ba komai yana da madanganci a *yaron* da *motar* da zai kwatanta da shi. Aikatau ɗinsa kuma ba ya sauyawa saboda aikau, don haka ɗafin *-s* na *he likes* baƙo ne gare shi.

3.0 Karuta da Matsalarta

Wani wasa da ake yawan yi a azuzuwan Ingilishi na yara shi ne *karuta*, kalmar da Japananci ya aro daga harshen Fotugal tun ƙarni na 16. Ana baza katuna a ƙasa, mai karatu ya karanta, 'yan wasa su yi rige-rigen dafe katin da ya dace. Wanda ya dafe wanda ba shi ba sai a ci shi tara. Yara sun san ƙa'idarsa tun daga gida, saboda haka malami ba ya ɓata lokaci wajen bayani, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce a darasin minti 45.

To amma a nan ne gizo ke saƙar. Idan katunan na ɗauke da hoton kare da na kyanwa da na tsuntsu, malami ya ce *I have a dog*, ɗalibi ba ya bukatar komai a jimlar sai kalmar ƙarshe. Zai cinye wasan, a tafa masa, bai ji *have* ba balle *a*. Abin da aka koyar a nan kalmomi ne, ko da kuwa an rubuta nahawu a jadawalin darasi.

Maganin abin shi ne a yi katunan tagwaye, kamar yadda masana tsarin sauti ke kawo kalmomi biyu da sauti ɗaya tak ya raba. Kati ɗaya kare guda, ɗayan karnuka uku. Kati ɗaya kyanwa na cin kifi, ɗayan ƙaton kifi na haɗiye kyanwa. Yanzu dole kunne ya jira ɗafin jam'i, dole ya kula da sunan da ya riga zuwa. Hoton da ya saɓa wa hankali, irin na (4), shi ya fi amfani, domin yana hana yaro cankar ma'ana daga abin da ya saba gani a duniya.

Haka batun yake ga wasan jera katunan kalmomi, inda rukuni-rukuni ke gasar gina jimla. Wannan na da farin jini a wajen malaman ƙaramar sakandare, ganin cewa tambayar sake jera kalmomi sananniya ce a jarrabawar shiga babbar sakandare. A ganina amfaninsa bai wuce ido ba. Yaro na iya ƙwarewa a kansa bai taɓa buɗe baki ba.

4.0 Wasannin Furuci

Domin a sa baki ya yi aiki, akan yi amfani da *janken*, wasan hannu na dutse da almakashi da takarda. Ɗalibai biyu su kara, wanda ya ci ya yi tambaya: *Do you like natto?* Matakin da aka fi mantawa da shi shi ne na biyu, inda mai tambayar zai je wurin na uku ya ba da rahoto: *Ken likes natto.* Ba a ba shi maki sai ɗafin ya fito. Fa'idar wannan tsari ita ce kowa na magana lokaci guda, kuskure ya ɓace cikin hayaniya, ɗalibi mai kunyar yin kure a gaban tsaransa ya sami sarari. Sai dai malami ya sa kunne sosai, domin gaɓar Japananci ta fi son ƙarewa da wasali, har *likes* kan fito kamar *raikusu*, irin yadda Hausa ta yi wa burodi da sukurudireba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da mai nazarin Hausa zai gane nan take, wato amsa korarriyar tambaya. Idan aka ce wa Bajapane *Tabemasen deshita ka*, ba ka ci ba, in bai ci ba zai ce *hai*, daidai da Bahaushen da zai ce "I, ban ci ba." Ingilishi kuwa *No, I didn't* yake so. Wasan da ya dace a nan mai sauƙi ne. A manna *Yes* a bango ɗaya, *No* a ɗayan, malami ya ɗaga hoton yaron da abincinsa ke gabansa bai taɓa ba, ya ce *Didn't he eat?*, ɗalibai su ruga bangon da suka zaɓa. Wajibi ne a cakuɗa irin wannan tambaya da tabbatacciya, *Did he eat?*, a kan hoto guda, har yara su gano da kansu cewa a duka biyun bangon *No* za su nufa.